Shekarar da Na Fitar da Baba Isuhu Daga Layi

Bana ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina, daidai lokacin da masara ta fara goyo. Kusan sati uku ko yayyafi babu. Ina zaune ƙofar shagona a Faskari, inda na kwaso iyalina tun da ƙauyenmu ya daina kwanuwa, ina kallon hadari yana haɗuwa gabas da la'asar, iska ta taso ta watse shi. Ganyen masarar bayan gida duk ya nannaɗe. A irin wannan zama ne wani saurayi cikin masu hira a bencina ya ce, in zaɓen kansila ya zo, mu da muka gudo daga ƙauyuka sai mu koma can mu yi namu, kada mu dagula musu gari. Da wasa ya faɗa, aka yi dariya har da ni. Amma tawa dariyar iyakarta baki, don na taɓa faɗin irin wannan magana, ni kuma ba da wasa ba, a wata shekara da ruwa ya ɗauke kamar haka.

Lokacin ina da shekara talatin da 'yan kai, mata ɗaya, 'ya'ya uku. Sana'ata hatsi. Ban gaje ta ba, ba kuma wanda ya ɗora ni a kanta. Da keke da tiya da buhu biyu nake bin ƙauyuka in saya, ranar kasuwar Yankara in kai in sayar. Na san farashi, na san mutane, na kuma san ba da keke zan mutu ba.

A bayan ƙauyenmu akwai wata unguwa da ake kira Unguwar Fako. Mutanen Nijar ne, daga ƙasar Tawa, gida bakwai, waɗanda babban fari ya koro shekara shida ko bakwai kafin wannan. Da jakuna suka iso, da tabarmi da tukwane. Mai Unguwa ya nuna musu wani fako da ko akuya ba ta tsayawa kansa, ya ce su zauna. Babbansu shi ne Baba Isuhu, dogo, siriri, mai ƙarancin magana. Da rani, lokacin da mu muke gindin bishiya, su suna kan fakon nan suna haƙa ƙananan ramuka jere, kowane rami su zuba masa taki cikin tafin hannu. Tassa suke kiran ramukan. Kafin ruwan fari su binne gero a ciki, su tafi su bar shi. Mu muna wucewa muna cewa ga masu haƙa wa gero kabari.

Ba su da rijiya. Tamu tana tsakiyar gari, da bazara kuwa ko mu ba ta isar mu. Matansu ke tafiya ƙorama, tafiyar da in an fita da asuba sai hantsi, su tona yashi su jira ruwa ya taru, su kwarfo da ƙoƙo.

Bazarar wannan shekara ta yi zafin da ban manta ba. Da rana ƙasa ba ta takuwa ba takalmi, kaji suna kwance baki buɗe ƙarƙashin rumbu. A cikin zafin nan aka ce gwamnati za ta yi zaɓen kansiloli bayan kaka, kowa ya je ya yanki kati. Mutum biyu suka fito a mazaɓarmu. Ɗaya Alhaji Bawa, mai motar ɗaukar kaya. Ɗaya Malam Tanimu, malamin firamare, wanda ba shi da komai sai keke irin nawa. Alhaji Bawa ya kira ni zaurensa ya ce in ya ci, rabon takin zamani na mazaɓa duka ta hannuna zai bi. Duk wanda ya san taki a ƙasar masara ya san abin da aka miƙo mini. Ya ce abin da yake so kawai in tara masa mutane.

Nan da nan Unguwar Fako ta faɗo mini a rai. Manyansu, maza da mata, sun kai talatin, ba kuma wanda ya tuna da su. Na je na sami Baba Isuhu cikin ramukansa, zufa ta jiƙa masa riga.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Salisu, mu baƙi ne. Wanga abu ya halatta gare mu?"

Na ce, "Baba, wane irin baƙi? Ran da aka yi aikin gayyar hanya, wa ya fi ku ɗaukar ƙasa? Da masallaci ya rushe, jakunan wa suka ɗebo yashi? Inna Hadiza ba a maƙabartarmu take kwance ba? Wanda ya binne matarsa a gari, ai garinsa ne. Kansilan nan ku ma zai mulka, don me ba za ku sa baki a wanda za a naɗa ba?"

Duk abin da na faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya shige shi. Sannan ya ce, "In sunka tambaye ni inda anka haihe ni, ba ni ɓoyewa."

Na ce, "Ba za su tambaya ba."

Ba su kuwa tambaya ba. Malamin rajista suna yake tambaya, da shekaru, da unguwa. Motar Alhaji ta kwashe su ta kai ta dawo da su, kowa da katinsa. A hanyar dawowa Baba Isuhu yana ta juya nasa, ya ce mini, "Wanga nawa ne ko na Alhaji?" Na yi dariya na ce nasa ne mana, ga sunansa a jiki. Ya ce, "To."

Ruwa ya sauka da kyau da farko. Muka yi shuka, muka yi noman farko, masara ta tashi baƙi ƙirin. Ganin haka, da na ga hatsi ya yi tsada a Yankara, sai na buɗe rumbuna na sayar da kusan duk abin da ke ciki, na bar abin da zai kai mu sabuwar masara. Dabara ce mai kyau in ruwa ya ci gaba. Sai ya ɗauke.

Satin farko ba wanda ya damu. Sati na biyu masara ta fara nannaɗewa da rana, ta ware da safe. Sati na uku ta daina warewa. In ka shiga gona ganye yana ƙara kamar takarda, ƙasa ta tsage har yatsa na shiga. Muka fita roƙon ruwa filin idi, riguna a juye, tsofaffi suna kuka. Hadari ya haɗu har muka ji ƙamshinsa, ya wuce yamma ya zuba wa wasu.

Gidana, gidan mai sayar da hatsi, ya shiga yunwa kamar kowane gida. Maiɗakina Hajara tana goyo a lokacin. Da safe ta dama koko tsararo wanda kana ganin gindin kwano ta cikinsa. Da rana kwaɗon tafasa ko rama, da ɗan ƙuli in an samu. Tuwo da dare, daga baya ya koma dare ɗaya a yi, dare ɗaya a sha ruwan kanwa da gari a kwanta. Dusar da muke ba tumaki ta koma tankaɗe ta tana haɗawa da garin rogo. Na lura takan ce ta ci nata a madafa, alhali ba ta ci ba. Nononta ya ragu, jaririyar ta koma kuka marar ƙarfi kamar na mage. Sau ɗaya kawai ta yi mini maganar rumbu. Ta ce, "Maigida, tiyar da ka auna wa mutanen Yankara, da ka bar mana ko goma."

A cikin wannan hali fakon da muke yi wa dariya shi kaɗai ne kore a ƙasarmu. Kowane rami ya riƙe ɗan ruwan da ya samu, taki ya riƙe sanyi, geron da aka binne tun bazara ya riga kowa fitar da kai. Wata safiya ina zaune zaure ina tunanin ko in sayar da keken, sai ga Baba Isuhu da jaki, ya sauke dami biyu na sabon gero a ƙofata. Ba ni kaɗai ba, gida gida ya bi, inda duk akwai mai goyo ko tsoho. Na tashi zan yi magana, ya ce, "A gasa ma yara tumu. Na tsakiya ya hi nuna." Ya ja jakinsa.

Har yau in na ji ƙamshin tumu a wuta, ranar nake tunawa. Yara suka zagaye murhu suna murzawa da zafinsa suna hurawa, bakinsu duk baƙi. Hajara ta daka ta yi fura, ta sha, ta zauna jingine da bango ta rufe ido. Bayan kwana biyu jaririyar ta sami abin tsotsa.

Da ruwa ya dawo, ya dawo da ƙarfi, amma masara ta riga ta tafi. Dawa ce ta farfaɗo, don ita tana da haƙuri. Baba Isuhu ya ce kada mu tsaya makokin masara, a sare ta a zuba wake, ya kuma fito da irin wakensu mai saurin nuna ya raba. Aka shiga gayya, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Mu, da mutanen Fako, da Maguzawan tsallaken rafi da matansu da gangarsu. Cikinmu ba komai sai ruwan fura, ƙafa cikin taɓo, ruwa na dukan baya, amma ana tsokanar juna. Mu muna ce wa mutanen Fako ba su iya huɗa ba, sun saba da yashi. Su suna cewa mu masara ta lalata, shukar da ba ta iya azumin sati uku. A gonata Baba Isuhu ya ja kunya ɗaya da ni tun safe har azahar, yana da shekara kusan sittin, ban taɓa wuce shi ba.

A wajen gayyar nan ne Malam Tanimu yakan zo da fartanyarsa. Ba ya dogon jawabi. Abu ɗaya ya ce: an ce kowace mazaɓa za a ba ta rijiyar burtsatse ɗaya, in shi ya ci, tsakanin Unguwar Fako da tsallaken rafi za a haƙa ta, don su ne ba su da ruwa. Alhaji Bawa kuwa ya ce bakin kasuwa za a haƙa, wato bayan gidansa. Na ji duk wannan da kunnena. Amma a kaina na riga na gama: ni na kai mutanen Fako rajista, motar Alhaji ta ɗauke su, namu ne.

Kaka ta yi, wake ya yi kyau, dawa ta sunkuyar da kai. Na raba goron gayyar yankan dawata, har Unguwar Fako, aka sa rana kwana uku bayan zaɓe.

Zaɓen wancan zamani ba akwati, ba ɓoyo. Hoton kowane ɗan takara ake kafawa a jikin sanda, kowa ya je ya tsaya bayan wanda yake so, maza layinsu, mata layinsu, malamin zaɓe ya bi yana ƙirga kai da ƙarfi kowa na ji. Wanda ka ba goro kana ganin inda ya tsaya, shi ma yana ganinka.

A filin makaranta aka yi, da hantsi. Ni ne wakilin Alhaji. Layinmu ya yi tsawo, har na fara murna. Sai ga mutanen Fako sun taho a jere, sun yi wanka, sun sa tufafin sallah, matan da lulluɓi, kowa da kati a hannu. Baba Isuhu na gaba. Ya gaishe ni, ya gaida Alhaji, ya wuce mu a hankali ya je ya tsaya bayan hoton Malam Tanimu. Sauran suka bi shi.

Idona na awo ne, ba na bukatar malamin zaɓe. Kallo ɗaya na yi na san sun wuce mu da mutum goma sha wani abu. Rumfar zaɓenmu kuwa ita ce babba a mazaɓa, wanda ya ci ta ya ci duka. Alhaji Bawa ya matso kusa da ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Salisu, a motata ka ɗauko mini waɗannan?"

Ba zan ce shaiɗan ba, ba zan ce ruɗewa ba. Na tsaya na auna, kamar yadda nake auna komai. Na ga taki, na ga keke, na ga rumbun da na buɗe. Na kuma san abu ɗaya da ba wanda ya sani a filin nan kamar ni: Baba Isuhu ba ya ƙarya. Na taka na je wurin malamin zaɓe, wani saurayi baƙo da aka turo daga birni, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam, akwai waɗanda ba 'yan ƙasa ba a layin can."

Ya ce, "Suna da kati?"

Na ce, "Suna da shi. Amma ka tambayi dattijon can na gaba inda aka haife shi."

Malam Tanimu ya taso yana cewa, "Haba Salisu, kai fa ka kai su." Mutane suka fara hayaniya, ɗan sandan da ke wurin ya matso. Malamin zaɓe ya ɗaga hannu, ya je gaban Baba Isuhu ya ce, "Baba, a ina aka haife ka?"

Wani daga cikin layin ya ce a hankali, "Ka ce nan Tafoki aka haife ka, Baba." Da ya faɗi haka, da magana ta ƙare, don ba mai takardar da zai ƙaryata shi. Bai kalli mai maganar ba, ni ya kalla. Ba harara, kallo kawai. Sannan ya ce, "Can ƙasar Tawa, ɗana. Cikin Nijar."

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Doka ba ta ba ku ba."

Baba Isuhu ya ce, "Ba komi." Ya fita daga layi. Ba a tambayi sauran ba, da kansu suka fita, maza da mata, suka koma gindin katangar makaranta suka tsaya. Ba su tafi gida ba. Suna nan tsaye cikin tufafin sallarsu har aka ƙirga mu, aka ce Alhaji Bawa ya ci. Aka ɗaga shi sama, wasu suka ɗaga ni.

Doka tana gefena ran nan, har yau kuma tana gefena. Na sha gaya wa kaina haka. Wanda ba ɗan ƙasa ba ba ya zaɓe, ko na kansila ne, ko ya shekara nawa a gari. Sai dai dokar nan tana nan ran da na sami Baba Isuhu cikin ramukansa, ban kuwa tuna da ita ba sai da ya tsaya inda ban so ba. Rijiya aka haƙa ta bayan gidan Alhaji. Matan Fako suka ci gaba da tona yashi shekara da shekaru. Taki ya bi ta hannuna kamar yadda aka yi alkawari, a shekara ta biyu na sayi babur, a ta huɗu na kama shago. Duk abin da na mallaka yau, in aka bi saiwarsa, a filin makarantar nan za a tsaya.

Ranar gayyata na tashi na tabbata mutanen Fako ba za su zo ba. Na ce wa Hajara ta rage abinci. Tun ranar zaɓe ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ta ce, "Na mutanen da ka ba goro zan dafa." Ta dafa tuwon sabuwar dawa da miyar kuka, tukunya uku manya, da wake da mai.

Ina isa gona na tarar da su. Sun riga kowa, har sun kwantar da kunya biyar. Suka amsa sallamata kamar kullum. Aka yi aiki, masu sara na sara, masu yankan kai na bi, masu ɗauri na ɗaure dami. Sai dai ba tsokana. Maguzawa sun zo da ganga, suka buga kaɗan, suka ga ba mai amsawa, suka ajiye.

Da azahar aka kawo abinci gindin ɗorawa. Mutanen gari suka zauna suka sa hannu. Mutanen Fako suka koma gindin wata bishiyar daban, suka kwance goran furar da suka taho da ita. Na ɗauki akushi da hannuna na kai gaban Baba Isuhu na durƙusa.

Na ce, "Baba, ga abinci."

Ya ce, "Mun gode, Salisu. Mun taho da namu."

"Ai ba a yi wa mutum gayya a ƙi cin tuwonsa."

"Goronka munka amsa tun kahin zaɓe, shi ya kawo mu. Tuwo kuwa ba mu yi alkawali nai ba."

Wani daga cikin samarinsu ya yi 'yar dariya, Baba Isuhu ya daka masa harara, ya daina. Na rage murya na ce, "Baba, maganar ranar nan..."

Ya ce, "Gaskiya ka hwaɗi. Can anka haihe ni, ban kuwa ji kunyar hwaɗi ba." Ya kurɓi fura, ya goge gemu. "Abu guda ni ka son sani, don in san abin da za ni gaya ma ɗiyana. Ran da ka ce mani nan ne garina, da ran da ka ce ba nan ne ba, wace rana ce ka yi ƙarya?"

Amsar na san ta tun ina durƙushe: a ranakun biyu duka ba garinsa nake tunani ba. Ya jira ni kaɗan, da ya ga ba abin da ke tafe, ya miƙe ya ɗauki laujensa. Suka gama mini gonar tas kafin la'asar, suka ɗaure dami na ƙarshe, suka jera mini shi da kyau, suka yi sallama suka tafi. Shekara goma sha ɗaya Baba Isuhu ya ƙara a duniya, muna gaisawa a masallaci, da ni aka ɗauki makararsa. Bai sake tambayata ba, ni kuma ban taɓa kai masa amsar ba.

Tukunya guda da rabi ta koma gida ba a taɓa ba. Na ce wa Hajara ta raba wa maƙwabta. Ta ce a'a, hatsi ne, a gidan nan za a cinye shi. Kwana uku tana ɗumama tuwon nan safe da rana tana ajiye mini a gabana, ta koma bakin ƙofa ta zauna har sai na cinye.